Filin Wasa Mai Bango Uku

Tun ranar da ɗan Adam ya fara tara gidaje wuri guda yana kiran abin birni, ba a taɓa yin wata al'umma mai daraja da ta kasa keɓe fili ta kewaye shi da bango, domin mutane su zauna su kalli waɗansu mutane suna gumi ba. Haka littafin tarihinmu na lakwal, wato makarantar boko, ya nuna, har da hoto, ga na Rumawa, ga na mutanen Girka. Ban taɓa musun wannan ba, shekara talatin da wani abu na yi ina koyar da shi ga ƴaƴan mutane. Abin da kawai nake ƙarawa, idan aji ya yi shiru kuma dirakta, shugaban makarantar, ba ya kusa, shi ne duk waɗannan manyan filaye kewayayyu ne ta kowane gefe, abin da kowa ke iya yi. Garinmu kaɗai na sani, can tsakanin Tasawa da Mayahi, da ya ba duniya filin wasa mai bango uku. Kuma ina alfahari in shaida muku cewa bangon da babu, namu ne.

Kwanan baya jikana ya kunna talabijin, ana nuna wani ƙaton birni na ƙasar waje. Mai sharhi yana ta lissafa unguwanninsa, kowace da filin ƙwallonta, wani da rufi, wani kuma ciyawarsa ana shayar da ita sau biyu a rana. Da na ji maganar shayar da ciyawa sai tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, daidai inda igiyar kaba ta bar mini kanta tun ina ƴar shekara goma sha biyu.

Unguwa huɗu ne a garinmu lokacin. Uku suna gangare, wajen gulbi, wato ta fada, ta mahauta da ta maƙera. Rijiyoyinsu gajeru ne, mace tana jan ruwa tana gulma, numfashinta ba ya yankewa. Mu kuwa muna gabas, a kan tudu, mu ne muka zo daga baya, aka ba mu wurin da ba wanda yake so. Ƴan tudu ake ce mana, kuma ba da ƙauna ake faɗa ba. Rijiyarmu ɗaya ce, kakana da ƙannensa suka haƙa ta, zurfinta ya haura gaba talatin. Wanda bai san gaba ba ya buɗe hannuwansa biyu iyakar buɗewa, ya yi haka sau talatin, sa'an nan ya tuna da guga cike za a yi. Kakana ya rasu ban san shi ba. Rijiyar ta zauna a hannun kakata, ba da takarda ba. Ita dai ke cewa a ja, ita ke cewa a bari.

Wasa kuwa muna da shi tun kafin a zo mana da bango. Kowace unguwa da dandalinta, kuma bayan kaka, idan rumbu ya cika, ana buga ganga a yi kokawa. Ba ƙofa, ba mai tsaron ƙofa. Wanda ya riga zuwa ya zauna a yashi, wanda ya makara ya tsaya a kan jakinsa.

Shekarar da nake ba ku labari ba a buga ganga ba. Gero ya ƙone tun yana iya gwiwa. Babana ya tafi cin rani Najeriya tun kafin lokacin tafiya ya yi, mahaifiyata tana jego, ni ce babba a ɗakinmu. Soja ke mulki. Abin da ke tsakaninmu da yunwa shi ne jar dawar taimako da kamyo, wato babbar motar kaya, ke kawowa ofishin kumandan, mai mulkin garin, ana rabawa unguwa-unguwa, kowane mai unguwa da jerin sunayen mutanensa. Mai unguwarmu baffana ne, yayan babana, ɗan farin kaka.

Ruwan rijiya yana sauka, igiya tana gajarta. Kabar da ake tuƙa igiya da ita ta yi wuya, dabbobi sun cinye ta kusa, mutane sun sare ta nesa. Aka wayi gari babu gida ɗaya a unguwar da igiyarsa ke kaiwa ga ruwa. Sai aka koma haɗi. Gida huɗu su kawo tasu, tamu gaba tara, ta maƙwabciyarmu bakwai, sauran biyun su cike, kaka ta ƙulla su su zama ɗaya, kowa ya ja da ita. Ƙullin nan shi ne sarautar kaka. Kaba idan ta jiƙe santsi take yi, ƙullin da kowa ya sani ba ya riƙe ta. Nata kuwa, nauyin guga ne ke ƙara tsuke shi, amma da zarar igiya ta huta, ta ja ɗan bakin da ta bari, sai ya warware kamar ba a taɓa ƙullawa ba. Dole ne ya warware, domin kowa da tasa yake komawa gida. A waccan shekarar idan ka bar igiya a bakin rijiya, akuya ce za ta yi kalaci da ita.

Kaka ta raba wa rijiyar yini. Daga asuba zuwa hantsi na mutane. Tsakar rana a bar ta ta tara, ko limami ne ba ya zura guga. La'asar kuma na Fulanin da suka sauka bayan unguwa da ɗan abin da ya rage musu na shanu. Ni ce mai kai igiyar gidanmu da safe kafin in tafi lakwal, in dawo in sake kai ta da yamma.

Cikin wannan hali kumandan ya tara masu unguwanni. Soja ne matashi, daga yammacin ƙasa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da umarni ba. Ya ce wani babba zai zo daga babban birni ya ga yadda talakawa suka tsaya da ƙafarsu, kuma abin kunya ne a ce gari kamar namu ba shi da istad. Sai da tafinta ya yi bayani aka gane dandali ne mai bango. An auna fili a tsakanin gangare da tudu. Unguwa huɗu, bango huɗu, lissafi ya fita ba saura. Kowace unguwa ta yi tubalinta, da ƙasarta, da ruwanta.

Unguwannin gangare suka yi biyayya. Ta fada ta fara, domin ita ce mai koya wa mutane ladabi. Mahauta suka bi, maƙera suka bi. Bangaye uku suka tashi, jajaye, sun fi mutum tsawo, kuma in faɗi gaskiya sun yi kyau, ni kaina na je na shafa. Kafin na ukun ya bushe, rijiyoyin gangare sun koma caɓi. Sai ga matan da ke ce mana ƴan tudu suna hawo tudun da tuluna a ka, suna gaishe da kaka tun daga nesa, da irin gaisuwar da ba mu san sun iya ba. Kaka ta dai matsa musu wuri. Daga ranar rijiyarmu ce ke shayar da gari duka.

Baffa ya yi iyakar abin da mai unguwa ke iya yi, wato ya ce gobe in Allah ya yarda. Ya ce ana zaman makoki. Ya ce ƙasar tudu yashi ce, ana neman ta kirki. Da goben ta ƙare sai takarda ta zo, da hatimi. Ni aka kira in karanta a tsakar gida, ni kaɗai ce ƴar lakwal a gidan. Takardar ta ce jibi za a kawo tano-tano, wato gangunan ruwa, bakin rijiya a cika, a fara kwaɓa ƙasa.

Ku sani kaka ba ta magana da baffa kai tsaye. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Yana gabanta, furfura a gemunsa, amma sai ta juyo wajena.

"Ke ƴar lakwal, tambayi mai unguwarku, bangon ga ruwa nawa zai sha?"

Baffa bai sani ba. Ni na sani, domin mushe, malamin ajinmu, ya ba mu wannan lissafin a allo makon da ya wuce, ba tare da ya ɗaga ido ya dube mu ba. Na ce abin da na samu ya fi abin da ake ja a rijiyar wata guda cur.

"Kuma saura wata nawa ruwa ya sauka?"

Wannan ba ya cikin lissafin mushe.

Baffa ya ce, "Inna, soja ne fa. Ba irin na da ba ne da ake kai ma kaji a rabu lahiya."

"Ki ce mishi na ji soja ne," in ji kaka. "Ki ce mishi ya tahi ya kwanta, ba shi aka aiko ma takarda ba, rijiya aka aiko mawa."

Jibi da hantsi sai ga amalanken jaki da tano huɗu na ƙarfe, da gardi biyu, wato dogaran gwamnati masu kaki. Sun zo da tano, sun zo da mazurari, sun zo da takardar shaida. Igiya ce kawai ba su zo da ita ba. Mutumin ofis, wanda kullum a randa yake tarar da ruwa, bai taɓa tunanin akwai wani abu tsakanin bakin rijiya da ruwanta ba.

Kaka ta fara da abin da aka saba. Ta cika ƙwarya ta miƙa wa babban gardin, ya tsuguna ya sha, ya miƙa wa ɗan uwansa, har jakin aka ba. Sa'an nan ta bi igiyar da hannu kamar mai duba ƙaya, ta ja nan, ta ja can, ta ja can. Igiya ɗaya ta koma huɗu, kowace a hannun mai ita. Tawa na naɗe a kafaɗa.

"Ga rijiya nan," ta ce. "Ta Allah ce, ba mu hana kowa ba."

Babban gardin mutumin kirki ne gwargwadon yadda kaki ke bari, kuma matarsa tana cikin masu jiran layi da tulu. Ya ce, "Haba Inna, kada ki sa ni cikin wahala." Kaka ta ce ita ba ta sa kowa cikin komai ba, tsufa ne, yatsunta sun gaji. Sai ya karɓe igiyoyin huɗu, ya zauna ya ƙulla su da kansa, irin ƙullin da ake ɗaure ɓarawo da shi, ya taka da takalmi ya ja don ya nuna mana ƙarfinsa. Ya zura guga. Muka ji ta taɓa ruwa can ƙasa. Ya ja gaba ɗaya, biyu, uku, yana murmushi. A ta biyar sai ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin caɓi, igiya ba nauyi a hannunsa. Muka tsaya muna saurare. Rijiya mai zurfi takan ɗauki lokaci kafin ta ba da amsa, sai can muka ji tsulum.

Wata Bafulatana, dattijuwa mai saniya biyu, ita ta fara dariya, ta rufe baki da gefen zane amma kafaɗunta suka tona ta. Tawa igiyar ce ta ƙasa, ita ta tafi da gugar, don haka ni ban yi dariya ba. Kaka ta aika aka kawo ƙugiya, ta ari igiyar wani gida, ta juya wa gardin baya ta lulluɓe hannuwanta da mayafi ta yi ƙullinta. Ta fiddo guga da igiyata, ta miƙo mini, ta sake warware komai. Tano huɗu suka koma yadda suka zo, suna ƙara a kan amalanke.

Washegari kumandan ya zo da kansa. Motarsa ta kafe a yashin tudu, ya ƙaraso da ƙafa, abin da bai ƙara masa fara'a ba. Ya zo da tafinta, amma ya gaji da shi, domin mutumin nan kowace magana ta shiga kunnensa, godiya take fitowa ta bakinsa. Da ya hango ni da rigar lakwal sai ya yafuto ni, ya ce ni zan fassara.

Ya ce tsohuwa ta ƙulla igiya, mata su cika tano, umarnin gwamnati ne. Na faɗa wa kaka.

"Ki ce mishi in shina jin ƙishi, ga ruwa. In baƙon nashi na jin ƙishi, ga ruwa, shi da duk wanda ya rako shi. Amma ni ba ni ƙulla igiya in shayar da bango."

Akwai wani ilmi da duk tafintan duniya suka sani, wanda ba a koyarwa a aji, shi ne maganar talaka ba a kai ta gaban mai mulki da ƙayarta, sai an fere. Ni ban san shi ba. A lakwal idan ka tsallake kalma ɗaya a fassara, rula ce a kan yatsu. Na juya maganar kaka zuwa Faransanci daidai wa daida, ban zubar da ko ɗigo ba. Baffa yana bayana yana raɗa, "Ke, sassauta! Sassauta mana, ɗiyar nan!" Na ɗauka nufinsa in rage sauri, sai na ƙara fito da kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Kumandan ya ce ƙasa ce ke bukatar bangon, kuma rijiya ma ta ƙasa ce.

"Ki tambaye shi, ranar da mijina ya shiga ramin ga da igiya a ƙugu, yashi na zubo mishi a ka, ina ƙasar take? Ba mu gan ta ba. Ko guga ba ta aiko ba."

Wannan ma na kai shi cikakke. Mata fiye da hamsin suna tsaye da tuluna. Kumandan ya dubi kaka, ya dubi matan, na ga yana auna abin da zai biyo baya idan aka taɓa tsohuwa a gabansu. Sai ya dube ni ya ce Faransancina yana da kyau, in gaishe da malamina. Sa'an nan ya ce in shaida mata, unguwar da ba ta da bango ba ta da dawa.

Na faɗa. Kaka ba ta ko gyara tsayuwa ba.

"Ki ce mishi na ji. Da ruwa ina jiƙa anza in ci. Da dawarshi ba ruwa, mi zan yi da ita, in tauna kamar jaki?"

Aka tafi da baffa. Kwana shida ya yi a can, ba a buge shi ba, an dai cire masa rawani an ba shi tsintsiya, yana share harabar ofis a gaban masu wucewa kasuwa. Ya dawo bai yi wa kowa maganar ba, har ya bar duniya. An kuma ja layi a kan sunan unguwarmu. Kamyo ya zo sau biyu, sau biyu muna jin ƙugin injinsa daga tudu.

Muka koma ga anza. Ƴaƴan wani ɗan itace ne na daji, masu ɗacin da ko akuya sai ta yi shawara. Ana jiƙa su kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin su zama abin da ciki zai karɓa. Kaka ta yi gaskiya a nan, abinci ne da rijiya ke dafawa. Amma kada wani ya gaya muku yana da daɗi, ko kuwa yana riƙe yaro.

Kada kuma in bar ku da zaton unguwar jarumai ce tamu daga wannan bakin zuwa wancan. Maƙwabciyarmu, mai igiya gaba bakwai, ta tsaya a bakin rijiya a kwana na huɗu ta ce wa kaka, "Ke kin ci zamaninki, Inna. Mu ɗiya gare mu. Da kin bar su sun sha ruwansu, da yanzu tukunyata na bisa wuta." Ta naɗe igiyarta ta shige gida. Igiya ta kasa kaiwa ga ruwa, layi ya tsaya. Ana cikin haka sai ga Bafulatanar nan da wata tsohuwar igiyar fata, ta jefa gaban kaka. Ta ce da can garke take ja wa ruwa da ita, yanzu saniya biyu ba su bukatar wannan tsawon duka. Maƙwabciyar ta ci gaba da aiko ɗiyarta da tulu, ana cika mata kamar kowa. Jaririnta ya rasu a cikin bazarar. Yara da yawa sun rasu a lokacin, har a unguwannin da suka karɓi dawa, kuma ba wanda ya isa ya ce ga dalili. Amma ita ba ta sake gaishe da kaka ba, kaka kuma ba ta taɓa cewa ta yi rashin kunya ba.

Matan gangare kuwa sai suka kamu da wata irin mantuwa. Mace ta zo jan ruwa, ta tafi, a tarar ta manta ɗan ƙunshin dawa a gindin tulun wata. Ba mai cewa ta bayar, ba mai cewa ta karɓa. An kafa babban gardin a bakin rijiya domin ya kama doguwar igiya da zarar an ƙulla ta. Kullum da safe sai ya zo ya shimfiɗa buhu, ya zauna yana fuskantar gabas, rijiya tana bayansa. "Inna, ciwon ido nake, hasken can ya fi mini," yake cewa. Kaka ta ce Allah ya sawwaƙe, ta aika masa ƙwaryar farko.

Kumandan bai haƙura ba, ya rubuta Maraɗi a aiko masa da igiyar roba mai tsawo. Gwamnati tana da igiya, wannan ba shakka, sai dai igiyar gwamnati ba ta tafiya sai takarda ta riga ta, takarda kuma ba ta tafiya sai an sa mata hannu. Igiyar ta iso saura kwana biyu baƙo ya zo, fara sol, sabuwa. Ko a ranar aka kwaɓa ƙasa, tubali ba zai bushe a gina ba. Aka yi shawarar a rufe gefenmu da zana, sai aka tarar zanar garin duka dabbobi sun cinye ta tun tuni.

A nan ne aka tuna da lakwal. Aka umarci mushe ya jera mu a gefen gabas, sahu uku, dogaye a baya, gajeru a gaba, kafaɗa da kafaɗa, kada a bar kafa ko ta zakara. Tun hantsi aka kafa mu. Ni ina sahun baya, fuskata ga fili, bayana ga unguwarmu. Abin da unguwa ta ƙi ginawa da ƙasa, an gina shi da ƴaƴanta da na sauran gari, kuma ba a tambayi ko ɗaya daga cikin tubalan ba.

Rana ta take. Baƙo bai zo ba. Ƴar mahautan da ke kusa da ni ta fara layi, ta sulale ƙasa, muka ɗaga ta muka matse ta a tsakaninmu don kada a ga giɓi. Can sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu ta baya. Ƙwarya ce, da ruwa mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar kaba. Ban waiwaya ba, an hana. Na sunkuya na sha, na tura wa ta kusa. Ina jin muryar kaka a bayanmu tana ce wa mata, "Ku bi sahu-sahu, ku fara da ƙanana." A tsakar rana ne, lokacin da ko limami ba ya zura guga. Ranar ce kaɗai ta karya dokarta, kuma ranar ce kaɗai ta shayar da bango.

Baƙon ya iso bayan azahar. Aka fito da ƴan kokawa biyu da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga inda nake tsaye. Suka kama juna suka tsaya, ba ka iya cewa kokawa suke ko kowa yana tallafe da ɗan uwansa ne kada ya faɗi, har dattawa suka shiga suka raba. Baƙon bai kai rabin sa'a ba. An ce gefenmu ne ya fi burge shi, ya ɗauka da gangan aka yi, don a nuna matasa ne katangar ƙasa, har ya yaba wa kumandan a kan wannan basira. Mutumin da aka yaba wa ba ya riƙe fushi. Kamyo na gaba da ya zo, sunanmu ya dawo cikin jerin, ba wanda ya ce an taɓa cire shi.

Rijiyar ta kai mu. A makonnin ƙarshe rabin guga take bayarwa, ja kamar kunun kanwa, sai an bar shi ya kwanta. Amma ba ta ƙafe ba, kuma gari duka da sauran shanun Fulani a kanta suka ga saukar ruwa. Ranar da aka yi ruwan farko kaka ba ta fito tsakar gida ba kamar kowa. Tana ɗaki tana shafa wa tafin hannunta man shanu.

Na zauna a birane bayan haka, na shiga filayen wasa masu hawa-hawa, kuma ban taɓa shiga ɗaya ba ba tare da na ƙirga bangayensa na ji ɗan tausayinsu ba. Mutanen da suka gina huɗu cif, ba a taɓa samun tsohuwa ɗaya a cikinsu da ta tambayi ruwa nawa zai sha ba. Garinmu ya canza. Unguwa huɗun sun zama ban san nawa ba, akwai famfo a kusan kowace kusurwa, ƴan matan yanzu tafin hannunsu kamar auduga, kuma ba na yi musu baƙin ciki, ban ga abin da kantar hannu ta ƙare ni da shi ba. Ƙullin kaka na iya shi, ta koya mini kafin ta rasu. Na gwada nuna wa jikokina, suka kalla da ladabi, suka tambaye ni amfaninsa.

Bara na je gida. Samarin unguwarmu, jikokin matan da suka tsaya da tuluna a gaban kumandan, su da kansu suka rubuta takardar roƙo a ƙarasa musu bangon, domin awaki da masu babur suna ratsa fili ana tsakiyar wasa. An gina shi da bulo, an kuma faɗaɗa filin ya kai awon ƙwallo, sai rijiyar ta faɗo ciki, dab da ƙofar gabas. An rufe bakinta da siminti. Ranar wasa, a kan murfin ake sayar da ruwan leda.